Yadda ake haɗa damin kati a kan Purphoros

Wani ƙane daga Marwa ya rubuto yana cewa: "Yaya, barka da aiki. Ɗan'uwanmu da ke karatu a Faransa ya zo hutu, ya bar mana kwalin katunan Magic: The Gathering, a ciki na samu Purphoros, God of the Forge. Mu huɗu ne muke bugawa, salon Commander. Na cika damina da manyan dodanni masu aman wuta don gunkin ya tashi ya yi faɗa, amma da ya tashi sai a kore shi, kuma kullum ni ake fara cirewa. Yaya zan gyara? Ga kati da wuyar samu a nan, ga Baba yana cewa karta ce."

Ƙanena, katin da ya faɗo hannunka, wato gunkin maƙera, yana cikin mafiya ƙarfi da launin ja ke da su a wasan mutum huɗu. Abin da ke kayar da kai shi ne wannan ƙoƙarin da kake yi na tashinsa. Purphoros ya fi amfani yana kwance, wato bai tashi ya zama halitta mai faɗa ba, kuma duk abin da zan gaya maka daga nan ya taso.

Da farko ka tabbatar wane Purphoros ne a hannunka, don su biyu ne. Naka shi ne na jerin Theros da ya fito a 2013, mai cin mana 4 (mana shi ne farashin sauke kati, wanda katunan fili ke samar maka), ƙarfin duka 6, juriya 5. Akwai wani, Bronze-Blooded, da ya fito a 2020, mai cin mana 5, wanda aikinsa jefo manyan halittu daga hannu su yi duka ɗaya su mutu. Da wancan ne da kai, da dodanninka sun yi rana. Naka kuwa abin da aka rubuta a jikinsa daban ne: ba a iya hallaka shi, muddin biyayyarka ga ja ba ta kai 5 ba, ba halitta ba ne, asiri ne kawai da ke zaune a fage, duk lokacin da wata halitta ta shigo a ɓangarenka, zai cire wa kowane abokin hamayya rai 2, sannan idan ka biya mana 3, halittunka su sami ƙarin duka 1 har ƙarshen juyin.

Layi na uku shi ne katin. Ka lura bai ce sai ya tashi ba. Yana kwance ko yana tsaye, wutar tana fita. Maƙeri ne, aikinsa a zaune yake yinsa a bakin zuga-zugi, kai dai ka riƙa kawo masa ƙarfe. Wanda ya ɗauke shi ya kai shi fagen yaƙi ya yi asarar maƙeri, bai kuma sami jarumin kirki ba.

Yi lissafi ka gani. A Commander, salon da kowa ke ɗora kati ɗaya a matsayin kwamandan daminsa, kowa da rai 40 yake farawa. Idan kana son ka kashe mutum da jikin Purphoros, dokar dukan kwamanda ta ce sai ya sha 21 daga gare shi, wato duka huɗu na 6, kuma mutum ɗaya ka cire, saura biyu suna kallonka. Idan kuwa ta layi na uku ka bi, halitta 20 ce za ta shigo, mutum ukun su faɗi lokaci guda, ba ka kai hari ko sau ɗaya ba. Saboda haka tambayar da za ka yi wa duk katin da kake son sakawa ita ce: kai nawa yake shigo da su, kuma a mana nawa? Shivan Dragon, wanda na tabbata yana cikin dodanninka, mana 6 yake ci, kai ɗaya ne, rai 2. Siege-Gang Commander mana 5 yake ci, ya shigo da kansa da 'yan goblin uku, kai huɗu ke nan, rai 8 daga kowa, jimilla 24 a tebur. Hordeling Outburst mana 3, 'yan goblin uku, rai 6. Dragon Fodder da Krenko's Command mana 2 kowanne, kai bibbiyu, rai 4. Beetleback Chief mana 4, kai uku. Myr Battlesphere mana 7, kai biyar, rai 10. Waɗannan ƙananan mayaƙa da ba su da katin kansu, waɗanda muke ce wa jeto, su ne abincin daminka.

Yanzu maganar biyayya, wadda ita ce ka fahimta a baibai. Ana ƙirga ta ne da jajayen tambarin mana da ke saman kusurwar katunan da ke zaune a fagenka. Purphoros kansa yana da ɗaya. Jeto ba shi da farashi, don haka ba ya ƙara komai, ko da guda 30 ka tara. Katin sihiri irin Hordeling Outburst yana gama aiki yake tafiya maƙabarta, shi ma bai ƙara komai ba. Filaye da na'urori marasa launi haka. Ka ga ke nan za ka iya cika tabarma da mayaƙa gunkin bai motsa ba. Wannan shi ne abin so, domin ranar da ya zama halitta, duk makamin da aka tanada don halittu ya same shi. Cewa ba a iya hallaka shi ba ta nufin ba a iya taɓa shi. Swords to Plowshares na mana 1 zai kore shi daga wasa, Path to Exile ma haka. Toxic Deluge zai zuƙe juriyarsa ta koma sifiri, kuma halittar da juriyarta ta ƙare dole ta tafi, komai rubutun da ke jikinta. Katin da ke tilasta maka ka sadaukar da halitta zai iya cin sa idan shi kaɗai ya rage maka. Gaskiya ne za ka mayar da shi zauren kwamanda ka sake kiransa, amma da harajin mana 2 a kowane dawowa: 4, sai 6, sai 8. Juyin da ka ɓata kana biyan 6 don ka dawo da abin da kake da shi tun farko, a nan wasan yake kuɓuce maka.

Yana kwance kuwa, sai mai katin korar asiri ne zai iya da shi, irin Return to Dust ko Deicide, ko Chaos Warp da ke ɗaukar kowane irin abu, ko mai shuɗi ya tare shi da Counterspell tun kafin ya sauka. Irin waɗannan katuna ba su da yawa a damin mutane idan ka gwada da masu kashe halitta.

Ba ina cewa ka guji duk kati mai tambari biyu ba. Wasu sun fi ƙarfin a bar su, musamman Krenko, Mob Boss, wanda duk lokacin da ka kwantar da shi, wato ka juya katin a gicciye don ya yi aikinsa, yake haifar da jeto daidai yawan goblin ɗin da kake da su. Bari in nuna maka wasa ɗaya a hankali, don ka ga daɗin da haɗarin a wuri guda. Juyi na 2 ka sa Arcane Signet. Juyi na 3 kana da mana 4, Purphoros ya sauka. Juyi na 4 Krenko ya shigo, kowa ya koma 38. Juyi na 5 Siege-Gang da yaransa uku, kowa 30. Nan take ka kwantar da Krenko, goblin biyar ne a fage, biyar suka ƙaru, kowa 20. Juyi na 6 goblin goma ne, goma suka ƙaru, rai 20, tebur ya watse. Kati huɗu kacal. Amma ƙirga tambarin: Purphoros 1, Krenko 2, Siege-Gang 2. Biyar cif. Daidai lokacin da Siege-Gang ya taɓa ƙasa gunkin ya miƙe, kuma mai farin kati da ya bar fili ɗaya a tsaye bai ci manarsa ba zai jefo Swords kafin yaran uku su shigo.

Maganin wannan shi ne Goblin Bombardment, asiri mai mana 2 da ke ba ka damar sadaukar da halitta kyauta, a kowane lokaci, ka cire rai 1 a inda ka ga dama. Shi ma yana ƙara tambari ɗaya, to biyayyar ta zama 6. An jefo Swords a kan Purphoros, kafin ya yi aiki sai ka ce dakata, ka sadaukar da Siege-Gang ɗin kansa. Biyayya ta sauko 4, gunkin ya koma kwance, ba halitta ba ne kuma, katin mutumin ya rasa abin kamawa ya tafi maƙabarta a banza. Yaran uku kuma suna nan tafe, don umarnin shigowarsu ya riga ya fita. Wannan dabara ita ce ta fi kowace muhimmanci ga mai riƙe da gunkin Theros, kuma ina so ka maimaita ta kai kaɗai har hannunka ya saba. Kowane juyi, kafin ka ajiye kati mai zama, ka ƙirga tambarinka, sannan ka dubi filayen da abokan wasa suka bari a tsaye.

Ga yadda nake raba kati 99 da ke bayan kwamanda. Filaye 36, mafi yawansu Dutse. Dalilin wannan adadi: zuwa juyi na 4 ka ga kati 11, bakwai na farko da huɗu da ka ja, kuma 36 cikin 99 na kati 11 fili huɗu ne daidai. Samari suna son rage fili don su cusa katunan da ke burge su, sai su zauna da hannu cike suna kallon wasa. Sai na'urorin mana kamar 10, waɗanda ba su wuce mana 2 ba: Sol Ring, Arcane Signet, Mind Stone da ire-irensu. Manufarsu ɗaya ce, Purphoros ya sauka a juyi na 3. Sai masu kawo kawuna wajen 28, masu ninka wuta kamar 7, masu jawo kati 10, masu share matsala 8. Kada ka manta dokar launi: ja da marasa launi kawai za su shiga, kuma in ban da filayen asali, kowane kati guda ɗaya.

Cikin masu ninka wuta, Impact Tremors ne na farko, mana 2, yana ƙara rai 1 a kan kowace shigowa, sai halitta 20 ɗin nan ta koma 14. Panharmonicon yana sa wutar Purphoros ta tashi sau biyu, kuma ba shi da launi. Akwai kuma wani ɗan kati da mutane ke rainawa, Norin the Wary, mai mana 1. Matsoraci ne: da wani ya jefa kati ko wata halitta ta kai hari, sai ya gudu daga fage, ya dawo a ƙarshen juyin. Kowace dawowa shigowa ce. A tebur na mutum huɗu, kafin zagaye ya dawo kanka zai iya fita ya dawo sau huɗu, rai 8 daga kowa, kuma kusan ba a iya kashe shi, don katin da aka jefa masa shi ne ke korarsa ya tsira.

Inda ja yake da rauni shi ne jawo kati, kuma a nan yawancin damin Purphoros suke mutuwa. Ka zazzage hannunka zuwa juyi na 6, kowa yana wajen rai 15, kai kuma kati ɗaya kake ja kana addu'a. Skullclamp ne babban magani. Yana ƙara duka 1 ya rage juriya 1, to idan ka ɗaura wa jeto mai juriya 1, nan take zai mutu ka ja kati biyu, a mana 1. Jeton ya riga ya biya bashinsa tun da ya shigo, ba ka yi asarar komai ba. Idol of Oblivion yana ba ka kati a duk juyin da ka haifi jeto. Light Up the Stage yana komawa mana 1 idan wani abokin hamayya ya rasa rai a juyin, abin da a daminka kusan kullum ne. Outpost Siege yana buɗe maka ƙarin kati kowane juyi, sai dai ka tuna yana da tambari ɗaya. A ɓangaren share fage kuma, kada ka ji tsoron Blasphemous Act. Farashinsa 9 ne amma yana raguwa da 1 a kan kowace halitta da ke fage, yana dukan kowace da 13. Mayaƙanka za su mutu tare da na kowa, amma naka sun gama aikinsu, Purphoros kuma ko gezau.

Saura dalilin da ya sa ake fara cire ka, wanda ba duka laifin dami ba ne. Purphoros ba ya zaɓen wanda zai ƙona, don haka ba ka da aboki a tebur. Mutum uku da suka kasa taɓa gunkin, kai za su nufa. Abu biyu nake ba ka shawara. Kada ka zubar da masu kawo kawuna kafin ya sauka. Hordeling Outburst a juyi na 3 ba tare da shi ba, rai 18 ka zubar a ƙasa. Bayan ya sauka kuma, kada ka kai hari da jeto don neman rai ɗaya ko biyu, ka bar su a gida su tare maka. Idan ka ga kowa ya sauko wajen 16 zuwa 20, ka daina ɗiga wuta kaɗan-kaɗan, ka tara kati biyu ko uku a hannu har manarka ta isa ka sauke su a juyi ɗaya. Mutumin da ke rai 18 yana ganin da sauran lokaci. Wanda ka bari a rai 4 kuwa ba shi da sauran aiki sai kai.

Wannan karatu na karanta abin da gunki yake yi, a bar girman jikinsa, ya shafi sauran 'yan'uwansa in wani cikinku ya samu. Erebos yana hana abokan hamayya ƙara rai, yana sayar maka da kati a kan mana 2 da rai 2, yana kwance yake yin duka. Xenagos mai launi biyu sai biyayya ta kai 7 yake tashi, aikinsa ninka ƙarfin halitta ɗaya, shi ne mai son manyan dodanni. Gumakan Amonkhet na 2017 kuwa wani gini ne daban: Hazoret kullum halitta ce, sharaɗinta shi ne ba ta kai hari ko tarewa sai katin hannunka bai wuce ɗaya ba, to ita dami mai saurin zazzage hannu take so.

Batun samun kati, na san halin da ake ciki daga Garwa har Kuseri da Njamena. Abin da ke hannun mutane yawanci wani ne ya shigo da shi daga waje, ko aka aiko ta Duwala ko Yawunde ya hau jirgin ƙasa zuwa Gaundere, sannan mota ta ƙaraso da shi. Sa'ar da ka yi ita ce ƙashin bayan wannan dami katuna ne na gama-gari, irin waɗanda ke kwance a ƙasan kwalin ɗan'uwanku ba wanda ya kula su. Zazzage kwalin, ka ware duk jan kati ko marar launi da ke haifar da jeto. Abin da ya rage, ku zauna ku huɗu ku yarda a kan kwafi: ka nemo hoton katin a shafin intanet na Scryfall, wanda ke da rubutun Faransanci ma, a buga maka mai launi a shagon fotokofi, ka yanka, ka zura a rigar leda a gaban wani katin da ba ka amfani da shi. Tsakanin abokai ba laifi muddin kowa ya sani kuma kowa yana da wannan dama. Gasar hukuma ce ba ta karɓa, kuma kada ka taɓa sayar wa wani kwafi da sunan na gaske. Idan ka duba jerin damin mutane a shafin EDHREC ko wani wuri, ka kula da tsofaffi: za ka ga Dockside Extortionist a da yawa, alhali an haramta shi a Commander a watan Satumba na 2024.

Rigar ledar nan kada ka yi wasa da ita. Zafin watan Maris da Afrilu a Marwa ka san shi, gumin yatsa yana cin gefen kati, ƙurar hunturu kuma tana goge fuskarsa in ana ta shafawa a tabarma. Ku shimfiɗa zane mai laushi, kofin shayi kuma ya zauna a bayan mai shi. Jeto kuwa ba sai ka buga ba. Marufin kwalbar lemo ya isa: fuska sama yana tsaye, ka kife shi ya kwanta. Idan Krenko ya fara ninkawa, ƙwallon dabino ya fi saurin ƙirguwa, ka jera su biyar-biyar a gabanka yadda na nesa da kai zai iya ƙirgawa da idonsa, don rigimar da ta fi yawa a wasan Purphoros ita ce "nawa ne suka shigo?" Mutum ɗaya ya riƙe takarda da biro yana rage ran kowa da babbar murya. In kana da waya mai ɗan ƙarfi, manhajar Forge kyauta ce, tana aiki ba intanet, za ka iya gwada damin da kwamfuta kafin ka kashe ko dala a fotokofi.

Maganar Baba kuma, kada ka ɗauke ta da wasa, kada kuma ka yi masa gardama. Abin da ya sani game da karta gaskiya ne, ya ga gidajen da caca ta rusa. Shi kansa wannan wasa, lokacin da Richard Garfield ya ƙirƙiro shi kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993, yana da dokar da kowa ke ajiye kati ɗaya wanda ya ci ya kwashe. Daga baya aka watsar da ita, katunan da suka dogara da ita ma an haramta su a gasa. To ku ma ku tsaya a nan: ba kuɗi, ba kati, ba ko kuɗin shayi a kan sakamako. Ku yi wasanku a fili inda zai gan ku, an kira salla ku kife katunan ku tashi, karatu da aiken gida su riga wasa. Ka zauna ka nuna masa yadda abin yake, lissafi ne da tsari. Purphoros da 'yan'uwansa ƙirƙirar marubutan kamfani ce, sun kwaikwayi tatsuniyoyin Girkawan da, amma idan duk da haka zuciyarka ko ta Baba ba ta kwanta da kati mai wannan suna ba, ku kai maganar gun malamin da kuka amince da shi, kuma abin da mahaifi ya yanke shi ne.

Idan aka ce a ajiye gunkin, daminka bai rushe ba. Ka ɗora Krenko a matsayin kwamanda, Impact Tremors da Goblin Bombardment su riƙe aikin wuta, ka musanya masu haifar da jeton da ba goblin ba da na goblin, tunda su yake ƙirgawa. Sai ka nemo Lightning Greaves da Swiftfoot Boots, domin Krenko halitta ce a kowane lokaci kuma kowa zai neme shi. Takalman nan biyu suna kare shi daga katin da aka auna shi da shi, suna kuma ba shi damar haihuwa a juyin da ya shigo maimakon ya jira zagaye guda.